Yadda ake girka VS Code da fara rubuta kod a cikinsa, mataki bayan mataki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan tambayar ta yi yawa wallahi, kusan duk wanda ya fara koyon kodin sai ya zo da ita, wane edita, wato manhajar rubuta kod, zan sa a kwamfutata, ya ake girka shi, me ya sa na rubuta kod ɗina na danna Run amma ko motsi bai yi ba. Tun ina amsawa ɗaya bayan ɗaya har na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya samu. Editan da zan yi bayani a kai shi ne Visual Studio Code, wanda aka fi sani da VS Code, na kamfanin Microsoft. Ya fito a 2015, kyauta ne, kuma yana aiki a Windows da Mac da Linux duka. A binciken da Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu kodin, suka yi a 2023 da 2024 sama da kashi 70 cikin 100 na masu kodin da suka amsa da shi suke aiki, to ka ga duk matsalar da ka ci karo da ita akwai wanda ya riga ka kuma ya rubuta maganinta.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara, don rabin koke-koken da nake samu daga nan suke tasowa: VS Code wurin rubutu ne kawai. Ba shi ne Python ba, ba shi ne Java ba, ba shi ke sa kod ɗinka ya yi aiki ba. Gangar mota ce mai kyau da sitiyari da kujeru, amma injin daban ake kawo shi a ɗaura. Shi ya sa jerin matakan nan yake da muhimmanci, kar ka tsallake wani don kana sauri.

1. Duba kwamfutarka da abin da zai ci maka

Kuɗi dai babu ko sisi, babu lasisi, babu rajista, babu wani gwajin kwana talatin da zai ƙare a ce ka biya. Abin da zai ci maka data ne. Fayil ɗin girkawar bai kai 200MB ba, idan ya zauna a kwamfuta kuma bai kai 500MB ba, sai ka ƙara da na yaren da za ka rubuta da 'yan ekstenshin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa editan. Su Microsoft sun ce RAM 1GB da furosesa mai 1.6GHz sun isa, amma maganar gaskiya idan za ka buɗe shi tare da burauza, wanda kuma dole ka buɗe, to ka nemi aƙalla 4GB, idan 8GB ne ma sai hankalinka ya fi kwanciya.

A kula: sababbin fitowarsa ba sa aiki a Windows 7 da 8, kuma sun daina yin na 32-bit. Windows 10 ko 11 mai 64-bit ake buƙata. Idan ba ka san naka ba ka shiga Settings, System, About, ka duba wurin System type. Wanda kwamfutarsa tsohuwa ce sosai ya wuce zuwa mataki na 12, akwai mafita a can.

2. Sauke shi daga gidansa

Adireshi ɗaya ne, code.visualstudio.com. Ka rubuta shi da hannunka a burauza. Kar ka sauke daga shafukan nan masu tara manhajoji da maɓallan Download guda biyar a shafi ɗaya, abu ne na kyauta daga mai shi, babu dalilin da zai sa ka je ka kwaso wa kanka bairos.

Gargaɗi babba a nan: akwai Visual Studio, akwai Visual Studio Code, kuma ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan duk da kamfani ɗaya ya yi su. Visual Studio ƙatuwar manhaja ce mai cin gigabait da yawa, tambarinta ruwan shanshanbale ne. Namu tambarinsa shuɗi ne. Idan ka ga abin da kake saukewa ya doshi gigabait to tsaya, ba shi ba ne.

Masu Windows za su ga User Installer da System Installer. Ka ɗauki User Installer, ba ya neman izinin admin kuma sabuntawarsa ta fi sauƙi. System Installer na kwamfutar da mutane da yawa ke shiga da akawun daban-daban ne. Sannan x64 za ka zaɓa, Arm64 sai idan ka tabbatar furosesarka irin ta Snapdragon ce. Masu Mac akwai na Apple silicon akwai na Intel, idan kana kokwanto ɗauki Universal yana aiki a duka. Masu Linux kuma .deb na Ubuntu da Debian da Mint ne, .rpm na Fedora da danginta.

3. Girkawa

A Windows ka danna fayil ɗin sau biyu, ka yarda da sharuɗɗa, ka yi ta Next har ka iso shafin da aka rubuta Select Additional Tasks. To nan ka tsaya, don nan ne mutane ke wucewa da gudu. Akwai akwatuna guda biyu da suka fara da Add "Open with Code", ɗaya na fayil ɗaya na folda, ba sa zuwa da alama, ka sa musu da kanka. Amfaninsu shi ne duk foldar da ka danna da maɓallin dama na maus za ka ga Open with Code ta buɗe kai tsaye. Sannan ka tabbata Add to PATH yana da alama. Wanda ya riga ya girka bai sa ba, ba sai ya goge komai ba, ya sake kunna fayil ɗin girkawar a kan na da ɗin ya sa alamar.

A Mac bayan ka sauke ka ja Visual Studio Code ka jefa shi cikin foldar Applications. Kar ka bar shi a Downloads kana buɗe shi daga can, sabuntawa za ta riƙa ba ka matsala. Bayan ka buɗe shi ka danna Cmd+Shift+P ka rubuta shell command, ka zaɓi Install 'code' command in PATH.

A Ubuntu ka buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a foldar da fayil ɗin yake ka rubuta sudo apt install ./ sannan sunan fayil ɗin a manne da shi. Wannan ɗigo da sandar kar ka manta da su, in ba haka ba apt zai je nemansa a intanet ya ce bai gani ba. Ko kuma ka yi sudo snap install --classic code, shi ma ya yi.

4. Girka yaren da za ka rubuta

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Zan yi misali da Python tunda da shi yawanci ake farawa. Ka je python.org ka sauke, idan shafin farko na girkawar ya nuna maka akwatin Add python.exe to PATH a can ƙasa, don Allah ka sa masa alama kafin ka danna Install Now. PATH ɗin nan jerin wuraren da kwamfuta ke dubawa ne idan ka kira sunan wata manhaja a Terminal, idan Python ba ya cikin jerin to ko yana kwamfutar za ta ce ba ta san shi ba.

Gwaji: ka buɗe Command Prompt, wato Terminal ɗin Windows, ka rubuta python --version. Idan ya nuna maka lamba da ta fara da 3, shi ke nan ka haye. Idan ya ce is not recognized as an internal or external command, ko kuma ya buɗe maka Microsoft Store, to ka gwada py --version, idan wannan ya yi to Python yana nan PATH ne bai shiga ba, ka sake kunna girkawar ka zaɓi Modify ka gyara. A Mac da Linux python3 --version ake rubutawa.

A kula: idan VS Code yana buɗe lokacin da ka girka Python, ka rufe shi gaba ɗaya ka sake buɗewa. Ba ya ganin sabon PATH sai an sake kunna shi, kuma wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun goge sun sake girkawa a banza.

Sauran yaruka ma haka abin yake. JavaScript a wajen burauza yana buƙatar Node.js, Java yana buƙatar JDK, C da C++ suna buƙatar kompaila, wato mai fassara kod zuwa abin da kwamfuta za ta iya kunnawa, irin gcc, a Windows ana samunsa ta hanyar MSYS2. HTML da CSS kuwa ba sa buƙatar komai, burauza ta ishe su.

5. Buɗe folda, ba fayil ɗaya ba

Ka ƙirƙiri folda guda ta kodin ɗinka, misali a cikin Documents, a cikinta kuma kowane aiki da foldarsa. Sunan ya zama gajere, ƙananan haruffa, babu tazara, kamar aikin_farko. Tazara a suna tana kawo ciwon kai a Terminal don zai ɗauka abu biyu kake nufi.

Sai ka shiga File, Open Folder, ka zaɓi foldar aikin. Ina nanata wannan ne saboda VS Code an gina shi ne a kan folda, idan ka buɗe fayil ɗaya tilo to Terminal zai buɗe a wani wuri daban, neman kalma a duk aikin ba zai yi ba, Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, ba zai yi ba, kuma kod ɗinka zai ce bai ga hoto ko fayil ɗin da ke kusa da shi ba alhali kana ganinsa da idonka. Da ka buɗe folda duk waɗannan sun kau.

Zai tambaye ka Do you trust the authors of the files in this folder. Idan foldarka ce da ka ƙirƙira ka ce Yes. Idan kod ɗin wani ne da ka sauko da shi daga intanet ba ka san me ke ciki ba, ka ce No tukuna, zai buɗe a Restricted Mode ka karanta lafiya lau ba tare da wani abu ya kunna kansa ba, in ka gamsu sai ka ba shi amana daga baya.

Gargaɗi: kar ka buɗe C: gaba ɗayanta ko Desktop ko Downloads a matsayin foldar aiki. Zai yi ta ƙoƙarin sa ido a kan dubban fayiloli, fankar kwamfuta ta yi ta ƙara, kai kuma ka ce editan ne mai nauyi.

6. Fayil na farko da kunna shi

A gefen hagu wurin Explorer, kusa da sunan foldarka akwai ɗan hoton takarda mai alamar tarawa. Danna shi ka rubuta gaisuwa.py ka buga Enter. Wannan .py ɗin shi ke gaya wa edita yaren da kake rubutawa, da shi yake sanin launin da zai ba kowace kalma. Idan ka ga rubutunka duk fari fat babu launi, ka duba can ƙasa a dama, in an rubuta Plain Text to ka manta da wutsiyar sunan ne.

Rubuta wannan:

suna = input("Ya sunanka? ")
print("Sannu da zuwa,", suna)

Yanzu kalli saman shafin inda sunan fayil ɗin yake. Za ka ga wani farin ɗigo a gefen sunan, a wurin da alamar x take zama. Ma'anarsa ba ka yi sebin ba. Danna Ctrl+S ɗigon ya ɓace. Wallahi wannan ɗan ɗigon ya wahalar da masu koyo ba kaɗan ba, mutum ya gyara kod ya kunna ya ga tsohon sakamako ya yi ta gyara abin da ba shi da laifi, alhali Python abin da ke ajiye a diski yake karantawa ba abin da ke kan sikirin ba.

Sai ka buɗe Terminal na cikin editan, daga menu Terminal, New Terminal, ko Ctrl tare da maɓallin nan da ke ƙasan Esc. Rubuta python gaisuwa.py (ko py ko python3 a madadin python, gwargwadon wanda ya amsa maka a mataki na 4) ka buga Enter, zai tambaye ka suna ka rubuta ya gaishe ka. Ina ba da shawara ka yi kwanakinka na farko kana kunna kod ta haka da hannu kafin ka saba da maɓallin Run, don ka gane abin da maɓallin ke yi a bayan fage, ranar da ya ƙi aiki ba za ka rikice ba.

A kula: kar ka sa wa fayil ɗinka sunan wani abu da ke cikin Python, kamar random.py ko math.py ko turtle.py. Idan ka rubuta import random zai iya ɗauko naka maimakon na asali, ya ba ka kuskuren da ba za ka gane kansa ba.

7. Ekstenshin, amma da hankali

Ctrl+Shift+X zai buɗe maka kasuwarsu. Rubuta Python ka ɗauki wanda Microsoft suka yi, za ka ga sunansu a ƙasa da shuɗiyar alamar tantancewa. Shi da kansa zai jawo Pylance da Python Debugger. Bayan ya gama maɓallin Run mai kama da kan kibiya zai bayyana a sama ta dama, kuma kana rubutu zai riƙa kawo maka shawarar ƙarshen kalma, ya ja jan layi a ƙarƙashin kuskure tun kafin ka kunna.

Sannan ka danna Ctrl+Shift+P, wannan shi ne Command Palette, duk abin da editan zai iya yi yana cikinsa, rubuta kaɗan daga sunan abin kawai za ka yi. Rubuta Python: Select Interpreter ka zaɓi Python ɗin da ka girka. Wannan yana da muhimmanci idan akwai Python fiye da ɗaya a kwamfutar, don shi ne sanadin matsalar nan ta na yi pip install, wato umarnin girka ƙarin kayan Python, ya ce ya shiga amma kod ya ce ModuleNotFoundError. Ka girka a wani Python ne kana kunnawa da wani. Maganin da ya fi shi ne kowane aiki ka yi masa Python: Create Environment ka zaɓi Venv, zai ƙirƙiri foldar .venv a cikin aikin, duk abin da ka girka ya tsaya a nan.

A Windows wani lokaci da ka yi haka Terminal zai fito da jan rubutu yana cewa running scripts is disabled on this system. PowerShell, nau'in Terminal ɗin da ya buɗe, shi ne ya hana. Hanya mafi sauƙi ka buɗe Command Palette ka rubuta Terminal: Select Default Profile ka zaɓi Command Prompt, ka rufe tsohon Terminal ka buɗe sabo.

Gargaɗi: ekstenshin manhaja ce da ke da ikon taɓa fayilolinka kamar yadda kai kake da shi, kuma kowa na iya ɗora nasa a kasuwar, an sha kama na bogi masu kwaikwayon sunan sanannu. Kafin ka danna Install ka duba wa ya yi shi, mutum nawa suka sauke. Kuma bidiyoyin nan masu cewa ga ekstenshin ashirin da dole ka sa, ƙyale su. Biyu ko uku sun ishe mai farawa. Akwai wani mai suna Code Runner da ake yawan sawa, idan ka sa shi ka ga input ba ya karɓar rubutu, dalili shi ne yana fitar da sakamako a Output wanda ba a rubutu a cikinsa, sai ka shiga saitinsa ka kunna Run In Terminal.

8. Saitunan da ya kamata ka taɓa tun yau

Ctrl da waƙafi zai buɗe Settings, akwai wurin nema a sama. Na farko Auto Save, ka mayar da shi afterDelay, daga nan maganar farin ɗigo ta ƙare, ko batir ya mutu ba za ka yi asarar rubutu ba. Font Size ka ƙara shi zuwa 16 ko 18 idan kana matse ido, awanni za ka yi kana kallon sikirin ɗin nan. Word Wrap ka sa on don dogon layi ya riƙa naɗowa. Wanda ba ya son editan ya riƙa aika bayanan yadda ake amfani da shi zuwa Microsoft ya nemi Telemetry Level ya sa off. Wanda kuma yake lallaɓa data ya nemi Update Mode ya sa manual, ya kashe Auto Update na ekstenshin, amma ya riƙa sabuntawa da kansa lokaci-lokaci saboda gyaran tsaro.

A can ƙasa ta dama za ka ga an rubuta UTF-8, ka bar shi a haka, shi ne ke sa haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ su zauna daidai. Kusa da shi akwai Spaces: 4. A Python kar ka gauraya Tab da tazara a fayil ɗaya, musamman idan ka kwafo kod daga wani wuri, zai ba ka TabError ko IndentationError. Idan ya faru ka nemi Convert Indentation to Spaces a Command Palette.

9. Idan shafin intanet kake ginawa

Ƙirƙiri index.html, a layin farko ka rubuta alamar motsin rai ! kaɗai ka danna Tab. Gaba ɗaya ƙashin shafin zai fito da kansa, wannan aikin Emmet ne kuma yana zuwa a cikin editan ba sai ka girka ba. A ciki akwai layin meta charset UTF-8, kar ka goge shi, idan ka goge rubutunka na Hausa zai iya komawa wasu alamomi marasa kan gado a burauza.

Don ka riƙa ganin canji nan take ka sa Live Preview na Microsoft ko Live Server. Shi Live Server maɓallin Go Live yake sawa a ƙasa, ya buɗe shafin a burauza, kana yin sebin yana sabuntawa. Shi ma sai ka buɗe folda yake aiki yadda ya kamata. Sai Prettier mai jera kod ya yi tsaf, idan ka sa shi ka kunna Format On Save kuma ka zaɓe shi a Default Formatter, in ba ka zaɓa ba zai iya zama shiru kamar ba ya nan.

10. Maɓallan da za su rage maka wahala

Ba sai ka haddace su duka ba, waɗannan dai su nake ganin sun fi amfani kullum. Ctrl+P ka rubuta sunan fayil ya buɗe. Ctrl+/ ya mayar da layi kwament ko ya dawo da shi. Alt da kibiyar sama ko ƙasa ya matsar da layi ɗungurungum ba sai ka yanka ka manna ba. Ctrl+D idan ka zaɓi kalma zai ƙara zaɓo ta gaba irinta, ka gyara su a tare. F2 a kan sunan variable zai canja shi a duk inda aka yi amfani da shi, kuma ya fi Find and Replace aminci don shi ya san bambancin sunan da kalmar da ta yi kama da shi kawai. Ctrl+Shift+F neman kalma a duk aikin. Ctrl+G zuwa lambar layi, yana da amfani idan kuskure ya ce matsala tana layi na 87. Masu Mac yawanci Cmd ne a madadin Ctrl, Option a madadin Alt.

Wani abu da ke ruɗa sababbi, ka danna fayil sau ɗaya ya buɗe, ka danna wani sai na farkon ya ɓace. Bai ɓace ba, leƙawa kawai ka yi, shi ya sa sunan yake a karkace. Danna sau biyu zai zauna.

Sai kuma neman kuskure. Maimakon cika kod da print, ka danna gefen hagu na lambar layi wani jan ɗigo ya fito, ka danna F5 ka zaɓi Python File. Kod zai tafi ya tsaya cak a kan layin, a hagu ka ga abin da kowane variable ke ɗauke da shi a daidai lokacin, F10 kuma ya matsa layi ɗaya. Duk mai koyon loop ya gwada wannan sau ɗaya, zai ga lambar tana canjawa a gabansa zagaye bayan zagaye, abin da bayani bai shigar ba sai ya shiga.

11. Haɗa shi da Git

Git ma daban ake girka shi, daga git-scm.com, sannan ka sake kunna editan. A Terminal ka gabatar da kanka sau ɗaya:

git config --global user.name "sunanka"
git config --global user.email "imel ɗinka"

Idan ba ka yi wannan ba commit ɗinka na farko, wato ajiye canjin da ka yi a tarihin Git, zai ƙi. Sai Ctrl+Shift+G, ka danna Initialize Repository. Fayiloli za su fito da harafi a gefe, U sabo ne da Git bai fara bi ba, M wanda aka canja. Rubuta ɗan bayanin abin da ka yi a akwatin sama ka danna Commit. Idan ka bar akwatin babu komai zai buɗe maka wani fayil yana jira, sai ka ga kamar ya maƙale, rubuta bayanin a layin farko ka yi sebin ka rufe shi.

Gargaɗi mai ƙarfi: kafin ka danna Publish zuwa GitHub, shafin da ake ɗora kod a intanet, ka ƙirƙiri fayil mai suna .gitignore ka rubuta .venv da node_modules da .env a ciki, kowanne a layinsa. Biyun farko nauyi ne kawai na banza, amma .env nan ake ajiye kalmar sirri da makullan API, idan ya hau ma'ajiyar da kowa ke gani to ka ɗauka an riga an gani, goge shi daga baya bai wadatar ba don yana nan a tarihi, sai dai ka canja makullin.

Ko ba ka fara Git ba tukuna, a ƙasan Explorer akwai Timeline, editan yana ajiye tsofaffin sebin na kowane fayil a nan, idan ka ɓata abu za ka iya komawa.

12. Idan ya yi nauyi, ko kwamfutar ba ta ɗauka

An gina VS Code a kan Electron ne, wato akwai injin burauzar Chromium a cikinsa, shi ya sa yake cin RAM fiye da ƙananan editoci. Idan ya fara jan ƙafa, fara zargin ekstenshin. Rubuta Show Running Extensions a Command Palette ka ga wanda ya fi jinkirin tashi, ko ka yi Start Extension Bisect, zai riƙa kashe rabi yana tambayarka ko matsalar tana nan har ya gano mai laifin. Wanda ba ka amfani da shi a wannan aikin ka yi masa Disable.

Game da Copilot, AI ɗin nan mai taya rubuta kod, da zai riƙa leƙo maka, akwai na kyauta mai iyaka akwai na biya, kuma babu wanda ya zama dole, editan yana aiki cikakke ba tare da shi ba. Ni a ganina mai koyo ya bar shi a kashe a watannin farko, don idan yana ƙarasa maka kowane layi hannunka ba zai faɗa ba.

Wanda ba shi da izinin girka abu a kwamfutar da yake amfani da ita, ya sauke na .zip na Windows ya warware shi a filas, ya ƙirƙiri folda mai suna data a cikin foldar, daga nan saituna da ekstenshin duk a filas ɗin za su zauna ya tafi da abinsa ko'ina. Akwai kuma vscode.dev da ke buɗewa a burauza ba girkawa, ya yi don gyara rubutu da karanta kod, amma babu Terminal a ciki. Wanda yake son irin editan nan ba tare da tambarin Microsoft da aika bayanai ba akwai VSCodium, daga tushen kod ɗaya aka gina shi, sai dai kasuwar ekstenshin ɗinsa Open VSX ce kuma wasu na Microsoft irin Pylance ba sa ciki.

Idan kuma kwamfutar mai RAM 2GB ce ko tsohuwar gaske, ka nemi Geany daga geany.org. Shi ma kyauta ne, yana aiki a Windows da Mac da Linux, yana buɗewa nan da nan, yana ba kod launi, F5 kuma yana kunna shi. A Ubuntu sudo apt install geany kawai za ka rubuta. Mataki na 4 yana nan daram a kansa, sai ka girka Python ko kompaila tukuna, idan kuma F5 ya ce bai ga python ba ka shiga Build, Set Build Commands, ka duba layin Execute ka mayar da shi python3 ko py gwargwadon wanda ya amsa maka a gwajin da ka yi. Editan Atom kuma da za ka gani a tsofaffin darussa kar ka ɓata datarka a kansa, GitHub sun rufe shi tun Disamba 2022.